Wa Aka Tambaya, Wa Ya Amsa: Yadda Alƙaluman Jin Ra'ayi Ke Kauce wa Gaskiya

Binciken jin ra'ayin jama'a hanya ce ta sanin abin da mutane masu ɗimbin yawa suke tunani ko suke aikatawa ta hanyar tambayar kaɗan daga cikinsu. Gwamnatoci na dogara da shi wajen auna talauci da rashin aikin yi, kamfanoni na neman sa kafin su fito da sabon kaya, 'yan siyasa kuma suna sa masa ido tun kafin a buga gangar zaɓe. Tushensa ba baƙon abu ba ne. Mai sayen hatsi ba ya zazzage buhu gaba ɗaya kafin ya san ingancinsa, hannu guda yake ɗiba ya duba. Sai dai gogaggen ɗan kasuwa ba ya tsayawa a bakin buhu, domin ya san mai sayarwa na iya zuba tsabar a sama ya bar ƙaiƙayi da tsakuwa a ƙasa. In hannu ya kai ko'ina, ɗan abin da aka ɗebo ya isa shaida. In kuwa sama kawai aka taɓa, ko kwano goma aka ɗiba ba a san buhun ba.

Masana ƙididdiga sun mayar da wannan dabara lissafi. Idan aka fitar da mutanen da za a tambaya ta hanyar jefa ƙuri'a, yadda kowa a ƙasar yake da damar a faɗo kansa, amsar mutum 1,000 takan zo kusa da ta al'umma duka, da ratar da ba kasafai take wuce maki 3 cikin ɗari sama ko ƙasa ba. Wannan rata ita ake kira tazarar kuskure. Da mutum 400 takan kai maki 5, da mutum 100 kuwa maki 10. Wanda yake son rage ta zuwa rabi sai ya ninka yawan waɗanda ya tambaya sau huɗu. Girman ƙasa kusan ba ya shiga lissafin: mutum 1,000 da aka zaɓa bisa ƙa'ida sun ishi Nijar kamar yadda suka ishi Indiya. Abin da yawancin masu karatu ba sa lura da shi shi ne, tazarar kuskure tana auna abu ɗaya ne kawai, wato sa'ar ƙuri'a. Ba ruwanta da mutanen da ba a kai gare su ba, ko waɗanda suka ƙi amsawa, ko tambayar da aka karkatar, ko amsar da tsoro ya sauya. A waɗannan wurare ne manyan kurakurai suke.

Waɗanda ba a ji muryarsu ba

A shekarar 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kimanin miliyan 10 domin gano wanda zai ci zaɓen shugaban ƙasa tsakanin Franklin Roosevelt da ke kan mulki da Alf Landon na jam'iyyar Republican. Kusan mutum miliyan 2.4 suka mayar da amsa. Mujallar tana da suna a wannan fage, don ta canki mai nasara a zaɓuka da dama da suka gabata. Ta shelanta cewa Landon zai samu kashi 57 cikin ɗari. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya lashe jihohi 46 cikin 48, Landon ya tsira da Maine da Vermont kaɗai. Mujallar ba ta farfaɗo daga wannan kunya ba, a 1938 ta daina fitowa.

Abu biyu suka haɗu suka kayar da ita. Ta tattaro sunaye ne daga kundin lambobin tarho, da rajistar masu motoci, da jerin masu sayen mujallar, a lokacin da matsin tattalin arziki ya mayar da tarho da mota kayan masu hali. Talakawa da marasa aikin yi, waɗanda su ne ƙashin bayan Roosevelt, da yawansu takardar ba ta isa gare su ba. Sannan cikin waɗanda ta isa gare su, ko kashi ɗaya bisa huɗu ba su amsa ba, kuma masu jin haushin Roosevelt sun fi magoya bayansa zafin naman cike takarda su kai gidan waya. Mai binciken ra'ayi George Gallup, da mutum kimanin 50,000 kawai, ya faɗi daidai cewa Roosevelt ne zai yi nasara.

Za a iya ɗauka wannan tsohon labari ne, amma ya maimaita kansa a zamanin intanet. A 2021 wani bincike da ake gudanarwa ta Facebook tare da jami'ar Carnegie Mellon yana samun amsa kusan 250,000 a kowane mako kan allurar rigakafin korona a Amurka. Wani nazari da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a ƙarshen shekarar ya nuna cewa zuwa watan Mayu binciken ya zarce ainihin adadin manyan da suka karɓi allurar farko da maki 17. Wani ƙaramin bincike na Axios da Ipsos, mai mutum kusan 1,000 da aka zaɓa bisa ƙa'ida, shi ya zo kusa da gaskiya. Yawan amsa ba ya gyara karkataccen samfuri. Abin da yake yi shi ne rage tazarar kuskuren da ake bugawa, har mai karatu ya ƙara sakankancewa da adadin da ba daidai ba.

Ƙin amsawa ya zama babban ciwon kai a wannan sana'a. Cibiyar Pew ta bayyana cewa a 1997 kashi 36 na gidajen da take nema ta waya suna amsa mata, amma zuwa 2018 adadin ya faɗo zuwa kashi 6. Masu bincike suna ƙoƙarin cike wannan giɓi da abin da suke kira daidaita nauyi: idan matasa su ne kashi 30 na al'umma amma kashi 15 kawai aka samu a samfuri, sai a lissafa amsar kowane matashi sau biyu. Dabarar tana aiki ne kawai a kan abin da mai bincike ya tuna ya daidaita. A zaɓen Amurka na 2016 binciken da aka yi a jihohi da dama bai daidaita matakin ilimi ba, alhali masu digiri sun fi amsa tambayoyi kuma a wannan karon sun karkata ga Hillary Clinton. Sakamakon haka aka raina ƙarfin Donald Trump a Wisconsin da Michigan da Pennsylvania, jihohin da suka yanke hukunci.

A Afirka ta Yamma matsalar tana farawa tun kafin a buga lambar farko. Ana tsara samfuri ne a kan ƙidayar jama'a, kuma rabon Nijeriya da ƙidaya tun 2006. Unguwannin da suka tsiro a bayan garuruwa irin su Kano da Abuja tun daga lokacin sai dai a yi hasashen yawansu. Binciken waya ya fi saurin samun namiji, ɗan birni, mai cajin batir da kyakkyawan sabis, fiye da matar ƙauye da take aron wayar mijinta. Matan da ke cikin kulle ba sa shiga lissafi sai an tura musu mata masu tambaya. Inda babu tsaro kuwa ba a zuwa: binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018 ya tsallake wasu yankunan jihar Borno saboda wannan dalili, kuma rahoton ya faɗi haka a fili. Su kuwa ƙuri'un shafukan sada zumunta da kiran waya a gidajen rediyo, inda mutum ke kawo kansa da kansa, ba bincike ba ne ko kaɗan, ko da mutum miliyan ne suka latsa.

Yadda aka yi tambayar

Ko an samu samfuri mai kyau, lafazin tambaya na iya juya sakamako. A wani gwaji da Donald Rugg ya wallafa a 1941, an tambayi wasu Amurkawa ko ya kamata gwamnati ta haramta jawaban da ke sukar dimokuraɗiyya, kashi 46 suka ce a haramta. Aka tambayi wasu ko ya kamata ta ƙyale irin waɗannan jawabai, sai kashi 62 suka ce kada a ƙyale. Hukuncin ɗaya ne, amma mutane sun fi jin nauyin furta haramtawa. Shekaru da yawa bayan haka, babban binciken zamantakewa na Amurka ya riƙa gano cewa kusan kashi 20 ne kawai ke ganin gwamnati ba ta kashe isasshen kuɗi a kan shirin walwalar jama'a, wanda sunansa ya riga ya ɓaci a bakin 'yan siyasa, amma fiye da kashi 60 suna ganin ba ta kashe isasshe a kan taimakon matalauta.

Wani lokacin ba karkata ba ce, ruɗani ne. A 1992 kamfanin Roper ya yi wa wata ƙungiyar Yahudawan Amurka bincike kan kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi. Tambayar ta ƙunshi korewa a kan korewa: shin abu ne mai yiwuwa ko maras yiwuwa a ce kisan bai taɓa faruwa ba? Kashi 22 suka ce mai yiwuwa ne, jaridu suka ɗauka cewa ɗaya cikin biyar na Amurkawa yana shakkar aukuwar lamarin. Da aka sake tambayar a 1994 da lafazi miƙaƙƙe, kashi 1 kacal aka samu.

Jerin tambayoyi ma yana da tasiri. A 1948 an tambayi Amurkawa ko a bar 'yan jaridar ƙasashen gurguzu su shigo Amurka su aika labari gida. Inda wannan ce tambayar farko, kashi 36 suka yarda. Inda aka fara tambayar ko ya kamata Rasha ta bar 'yan jaridar Amurka su shiga ƙasarta, masu yarda sun kai kashi 73, domin wanda ya nema wa nasa haƙƙi yana jin kunyar hana wani a numfashi na gaba. Akwai kuma amsar da ba ta da ra'ayi a bayanta. George Bishop da abokan aikinsa a jami'ar Cincinnati sun tambayi mutane ko a soke wata dokar harkokin jama'a ta 1975 wadda babu ita a duniya, kusan kashi ɗaya bisa uku suka ba da ra'ayi. Mutum ba ya son a gan shi bai sani ba, takardar da ba ta ba shi ƙofar cewa "ban sani ba" kuwa tana tilasta masa ƙirƙira.

Wanda ya zo da takarda

Amsa tambaya hulɗa ce tsakanin mutum biyu, kuma mai amsa yana auna wanda ke gabansa. Shekara da shekaru kusan kashi 40 na Amurkawa sun riƙa gaya wa kamfanin Gallup cewa sun je coci a makon da ya wuce. A 1993 Kirk Hadaway da Penny Marler da Mark Chaves suka wallafa sakamakon ƙirga mutanen da ke cikin majami'u, suka tarar da kusan rabin wannan adadi a tsakanin mabiya Furotesta. Ba lallai ne a kira masu amsar maƙaryata ba. Da yawansu suna faɗin irin mutumin da suke ɗaukar kansu ne, ba abin da suka yi ranar Lahadi ba. Haka abin yake a tambayoyin kaɗa ƙuri'a, da shan ƙwaya, da dukan mata, da wanke hannu.

Inda tsoro ya shigo, lamarin ya fi tsanani. Kafin zaɓen Nikaraguwa na 1990 yawancin bincike sun ba Daniel Ortega na jam'iyyar Sandinista mai mulki rinjaye, amma Violeta Chamorro ta kayar da shi da kusan kashi 55 a kan 41. Katherine Bischoping da Howard Schuman sun wallafa wani gwaji da aka yi gab da zaɓen, inda masu tambaya suka riƙe alƙalami iri uku: mai sunan Ortega, mai alamar 'yan adawa, da maras alama. Tambayoyin iri ɗaya ne. Masu riƙe da alƙalamin 'yan adawa su ne suka samo sakamakon da ya yi kusa da na ranar zaɓe. Maras alamar ma bai kwantar wa mutane da hankali ba, domin sun ɗauka duk mai yawo da takarda ɗan gwamnati ne.

Cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999 kuma take tambayar mutum 1,200 zuwa 2,400 ido da ido a kowace ƙasa da harshen da suka zaɓa, ta san da wannan. Takan rufe hirarta da tambayar wa mai amsa yake zaton ya aiko masu binciken, kuma duk da an gabatar da kai tun farko a matsayin cibiya mai zaman kanta, mutane da yawa suna cewa gwamnati ce. Wani nazari na 2016 da Claire Adida da abokan aikinta suka yi a kan bayanan ƙasashen Afirka 14 ya nuna cewa amsa tana sauyawa gwargwadon ko mai tambaya ɗan ƙabilar mai amsa ne ko a'a.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta akwai ƙarin dalilai da baƙo ba zai hango ba. Makiyayin da kakanninsa suka sha jangali ba zai yi saurin faɗin adadin shanunsa ba. Magidancin da ya ji ana rubuta sunaye don rabon tallafi yana da dalilin rage abin da ya mallaka da ƙara yawan iyalinsa. Uwa na iya jin kunyar ambaton ɗan fari, ko ta tsallake jaririn da ya rasu don kada a tayar mata da mikin, alhali a kan irin wannan amsa ake gina alƙaluman mace-macen yara. Inda ba a rubuta ranar haihuwa, shekaru sukan taru a kan 30 da 35 da 40, abin da masana yawan jama'a suka daɗe suna gani a ƙidayoyin yankin. Shi kansa mai tambaya ɗan Adam ne: an sha gano cewa wasu na ƙara wa yaro shekaru ya haura biyar don su kuɓuta daga dogon sashen tambayoyin lafiyar ƙananan yara. Ga kuma batun iyali. Gida ɗaya na iya ƙunsar magidanta uku da tukwane huɗu, kuma wani gwaji da Lori Beaman da Andrew Dillon suka yi a Mali ya nuna cewa sauya ma'anar iyali a takarda yana sauya yawan mutanen da ake rubutawa da abincin da ake lissafa musu.

Ma'auni da kanun labari

Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. A watan Agustan 2023 ta fitar da adadin farkon shekarar: kashi 4.1. Babu miliyoyin ayyukan da aka samar a tsakani, ma'auni ne ya sauya. A da, wanda bai yi aikin sa'a 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya don samun kuɗi a cikin kwana bakwai da suka wuce ma'aikaci ne. Waɗanda suka ce an ƙirƙiri adadin ba su yi daidai ba, haka ma waɗanda suka yi murnar an samu ci gaba. A ƙasar da ba a biyan marasa aiki alawus, kaɗan ne za su iya zama mako guda ba su taɓa komai ba, ko dako ne ko tallan ruwa. Adadin da ya fi bayyana halin da ake ciki yana cikin rahoton: fiye da kashi 90 na masu aikin suna ɓangaren da ba na hukuma ba. Jera 33.3 da 4.1 a layi ɗaya kamar ma'auninsu ɗaya kuskure ne babba.

Sau da yawa binciken ba shi da laifi, mai ba da labarinsa ne ya yi masa yankan ƙauna. A watan Fabrairun 2023 wani binciken waya da NOI Polls ya yi wa gidauniyar Anap kan zaɓen shugaban ƙasar Nijeriya ya ba Peter Obi kashi 21, Bola Tinubu 13, Atiku Abubakar 10, Rabiu Kwankwaso 3. Kanun labarai suka tsaya a kan wanda ke gaba. Amma kashi 23 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 30 kuma sun ƙi faɗin zaɓinsu. Binciken da fiye da rabin mutanensa ba su ambaci ɗan takara ba bai isa ya nuna mai nasara ba, balle a zaɓen da ƙasa da kashi 30 na masu rajista suka fito. Sakamakon da hukumar zaɓe ta bayyana, wanda aka ƙalubalanta har Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi a watan Oktoba, ya ba Tinubu kusan kashi 37, Atiku 29, Obi 25.

Lokaci ma yana cin bincike. A 1948 manyan kamfanonin binciken ra'ayi na Amurka sun daina tambaya makonni kafin zaɓen shugaban ƙasa, suna ganin Thomas Dewey ya riga ya gama da Harry Truman, har jaridar Chicago Daily Tribune ta buga nasarar Dewey a shafin farko kafin a kammala ƙirga. Truman ne ya ci. Sannan akwai ƙananan dabarun da ke wucewa ba a lura ba. Ratar maki 2 tsakanin 'yan takara a samfurin mutum 1,000 ba rinjaye ba ce, domin tazarar kuskure a kan bambancin mutum biyu ta kusa ninka wadda ake bugawa. Idan aka tsaga samfurin ƙasa aka ce ga ra'ayin matasan jiha ɗaya, wataƙila mutum 30 ake magana a kansu. A 2007 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta Birtaniya ta hana Colgate tallan da ke cewa fiye da kashi 80 na likitocin haƙori suna ba da shawarar amfani da shi, saboda an bar likitocin su ambaci man goge baki fiye da ɗaya, mai karanta allon kuwa zai ɗauka sun fifita shi ne a kan saura.

Saboda irin waɗannan abubuwa ne ƙungiyoyin masu wannan sana'a suka shimfiɗa sharuɗɗan bayyana yadda aka yi aiki: wa ya biya kuɗin binciken, mutum nawa aka tambaya, ta wace hanya, a waɗanne ranaku, da wane lafazi, da yadda aka daidaita nauyi. Majalisar masu binciken ra'ayi ta Birtaniya, wadda aka kafa a 2004, tana wajabta wa mambobinta wallafa cikakkun jadawalin duk binciken da aka fitar wa jama'a. Afrobarometer tana sa takardun tambayoyinta da bayananta a intanet kyauta. Amfanin wannan ya fito fili bayan zaɓen Birtaniya na 2015, inda bincike ya nuna kunnen doki tsakanin jam'iyyun Conservative da Labour amma Conservative ta yi nasara da ratar kusan maki 7. Kamfanonin suka miƙa ɗanyen bayanansu ga wani kwamiti ƙarƙashin Farfesa Patrick Sturgis, wanda a 2016 ya gano cewa ba ƙarya masu amsa suka yi ba, ba kuma sauya ra'ayi suka yi a daren zaɓe ba. Samfuran ne suka cika da magoya bayan Labour, hanyoyin daidaita nauyin da ake amfani da su kuma suka kasa gyara hakan.